Takarda Ɗaya, Yatsu Ɗari Uku da Sha Biyu

Shafi na 17

Kun gan ta. Kada wanda ya ce mini bai gan ta ba. Matar nan da ke goge ƙasan ofishinku da safe, wadda kuke ɗage mata ƙafa ta wuce da tsintsiya, idonku na kan waya. Wata da watanni tana ɗaure ciki da zane a ƙarƙashin rigar aiki, ku kuwa kuna cewa "ta yi ƙiba." Jiya na saka shafi na sha shida, sharhi ya fi ɗari, kusan duk "a ƙaro mana" da "yaushe Auta za ta yi aure." Mutum biyu kacal suka tambayi abin da sashe na tara ya ƙunsa. To ga shi nan, ku karanta da ido buɗe.

*

Saura minti biyar shirin ƙarfe sha ɗaya na safe ya fara, Furodusa ya turo ƙofar ɗakin tace kira, ya ajiye wa Auta takarda a gefen wayoyin.

"Ga 'yan gida. Lambobi shida ne. Su kaɗai za ki saka wa Anti yau."

Auta ta duba. Ɗan Fansho. Tsohon Hedimasta. Mai Kemis. Su ne dai, waɗanda ke kira kullum, ko kan farashin taki ake magana ko kan ƙwallo.

"Oga, shirin yau kan hutun haihuwa ne fa."

"Na sani."

"To cikin su shidan nan wane ne ya taɓa naƙuda?"

"Ɗan Fansho 'ya'yansa goma sha ɗaya."

"Shi ya haife su?"

Furodusa ya harare ta, yana danne dariya. "Auta, babban baƙo gare mu. Waɗannan sun san ladabin magana. Ki bi takarda, mu rabu lafiya."

Ta cikin gilashin da ya raba ɗakinta da ɗakin watsa shiri, Auta tana hango Anti mai gabatarwa tana gyara makirfo. Gabanta Honarabul ne, shugaban kwamitin majalisa da ke duba dokar aiki, da wani ƙaton fayil a hannu. Sashe na tara na dokar ya ce mace mai aikin wucin gadi, in ta sami ciki, ba a korar ta, kuma tana da hutun wata uku. Ƙarfe huɗu na yammacin yau kwamiti zai rufe karɓar ra'ayin jama'a. Gobe a yanke: a bar sashen, ko a cire shi.

Jar fitila ta kama.

Minti goma na farko gaisuwa ce da godiya ga masu saurare. Sai Anti ta shiga zancen.

"Ranka ya daɗe, ana raɗe-raɗin za ku cire sashe na tara."

"Ai ba mu muke cirewa ba, jama'a ke cirewa," Honarabul ya ce cikin taushin murya, yana shafa fayil. "Mun buɗe ƙofa wata biyu. Masu kamfanoni sun aiko takarda arba'in, sun ce sashen zai karya su. Matan da ake cewa don su aka yi fa? Takarda ɗaya. Ɗaya tak! Kin ga kuwa, wanda abu ya dama ba ya yin shiru."

Auta ta ɗago kai daga kan wayoyin.

Ɗaya tak.

Ita ta buga takardar nan da hannunta. Ranar da masu shara da masu wanki suka taru a tsakar gidansu, Yayarta ce ta ce, "Kowa ta rubuta tata mana." Auta, mai takardar jami'a, ta kaɗa kai. "A'a Yaya, sai an ɗaure tsintsiya take shara. Takarda ɗaya za mu yi, kowa ta dangwala." Ita ta sayo tawada. Asabar uku tana bin mata wurin aiki da gidajensu, har ta tara yatsu ɗari uku da sha biyu. Ranar da ta kai ambulan ofishin kwamiti, ji take kamar ta ci yaƙi.

Ashe tsintsiyar da ta ɗaure, kara ɗaya aka ƙirga ta.

Layi na ɗaya ya fara ƙyalli. Ɗan Fansho ne. Layi na biyu, Mai Kemis. Sai layi na uku. Lambar ba ta cikin takardar Furodusa, amma Auta ko daga barci aka tashe ta za ta karanto ta.

Ta ɗauka, ta rage murya. "Yaya?"

"Ki saka ni."

"Kina ina?"

"Ɗakin ajiyar tsintsiya. Na ji abin da ya ce. Ki saka ni, Auta."

Yaya mai shara ce a wani asibiti, ƙarƙashin kamfanin da ke sabunta musu takarda wata uku-uku. Cikinta wata bakwai. Kullum da safe Auta ke taya ta ɗaure shi da zane, ta ja, Yaya ta cije leɓe. A wurinsu duk wadda cikinta ya fito, ba a ce an kore ta. Ba a dai sabunta mata.

"Yaya, Madam mai kula da ku tana jin shirin nan kullum."

"Na sani. Ina jiyo rediyonta ta bango."

"Za ta gane muryarki!"

"To sai me? Zanen ma ya daina kaiwa. Nan da sati biyu cikin zai yi magana da kansa, gara ni in riga shi."

"Laifina ne. Ni na ce a haɗa."

"Ajiye kukan sai mun koma gida, zan taya ki. Yanzu danna abin nan."

Furodusa yana tsaye a baya, ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Layi na ɗaya yake nufi.

Auta ta danna na uku.

"Muna da mai kira," in ji Anti. "Wa muke tare da shi?"

"Mai shara ce."

Furodusa ya juyo da sauri. "Wannan ba muryar Ɗan Fansho ba ce!"

"Wataƙila mura yake yi," in ji Auta, ba ta ɗago ba.

"Ranka ya daɗe, ina kwana," muryar Yaya ta cika ɗakin. "Takarda ɗayan nan da ka ce, tana gabanka?"

"Tana nan, 'yata."

"Don Allah ka buɗe shafi na biyu."

Honarabul ya dafe fayil. Anti ba ta jira shi ba. "Da izininka, ranka ya daɗe." Ta miƙa hannu ta zaro ambulan, ta buɗe. Sai ta bi shafukan da ido.

"Masu saurare, ba ku gani, amma ku ji," ta ce. Ta kai takardun bakin makirfo, ta riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya. Faras. Faras. Faras. "Shafi goma sha ɗaya. Duk dangwalen yatsu ne, kowanne da suna a gefensa. Mai kira, ku nawa ne?"

"Ɗari uku da sha biyu, Anti. Nawa yana shafi na huɗu, ya ɗan karkace. Ruwan wanki ya cinye mini zanen yatsa, sai da na dangwala sau biyu."

"Ranka ya daɗe, wannan ce ɗaya tak?"

"Ƙa'ida ce," Honarabul ya gyara zama. "Magatakardanmu ambulan yake ƙirgawa, ba yatsu ba. Ni jimla kawai ake kawo mini."

"Wato ba ka buɗe ba."

"Aiki da yawa..."

"To mu buɗe arba'in ɗin tare."

Anti ta zaro ta farko ta karanta layin farko: "Mu masu samar wa jama'a aikin yi, cikin matuƙar damuwa..." Ta zaro ta biyu. "Mu masu samar wa jama'a aikin yi, cikin matuƙar damuwa..." Ta uku ma haka.

"Ikon Allah," in ji Anti. "Damuwarsu ma iri ɗaya ce, kamar 'yan arba'in da aka haifa rana ɗaya."

"Ranka ya daɗe," Yaya ta katse, "su mutum ɗaya ya rubuta musu, suka raba ambulan arba'in. Mu ɗari uku muka yi magana, muka haɗa a ambulan ɗaya, don ba mu san dabarar ba. Ni da nake maka magana cikina wata bakwai. A ɗaure yake yanzu haka. In na sunkuya goge ƙarƙashin gado, sai na ji ɗan yana neman wurin juyi bai samu ba. Ba sadaka muke roƙo ba. Cewa muka yi a bar mu mu haihu mu dawo kan tsintsiyarmu."

Layuka shida duk suka kama ƙyalli lokaci ɗaya.

Honarabul ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ba mugu ba ne, ni ban ce mugu ba ne. Mutum ne da ya saba a kawo masa jimla. Irinsu sun fi miyagu yawa, kuma sun fi su ɓarna.

"To, ga magana," ya ce. "Ba zan iya sauya ƙa'ida a rediyo ba. Amma in kafin ƙarfe huɗu takardun mata masu aikin wucin gadi suka haura arba'in, kowace da tata, da sa hannunta, ni da bakina zan ce a bar sashen ya je zauren majalisa a kaɗa masa ƙuri'a."

"Ranka ya daɗe, ƙarfe biyar muke tashi aiki."

"Ƙa'ida ce, 'yata."

Anti ta matso makirfo. "Duk wadda ke da hutun rana, ko na minti ashirin ne, ƙofar gidan rediyon nan a buɗe take. Muna da takarda, muna da biro. Mu za mu kai."

*

Jar fitila na mutuwa Furodusa ya rufe ƙofa, ya jingina da ita.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na saka mai kira."

"Takarda ta ashirin da uku cikin arba'in ɗin nan, kin san tambarin wa ke kanta?"

Auta ta ɗago.

"Na gidan nan. Manaja ya sa hannu, ni na kai masa. Shi ya sa na ba ki lambobi shida, ba don ina ƙaunar muryar Ɗan Fansho ba." Ya sassauta murya. "Ke ma wata uku-uku ake sabunta miki, Auta. Shekara biyu ke nan. Ƙarshen watan nan takardarki ke ƙarewa."

"Na sani, Oga."

"Kin sani, kika danna?"

"Yayata ce."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo kwalin tsofaffin takardun labarai daga ƙarƙashin tebur, ya tura mata da ƙafa.

"Bayansu fari ne. Ni ban gan ki kin ɗauka ba."

*

Ƙarfe ɗaya saura, mata suka fara zuwa. Bibbiyu, uku-uku, da rigunan aiki, wasu da safar roba a hannu. Maigadi ya ba da teburinsa, aka ja shi inuwar bishiyar bakin ƙofa. Wadda ta iya rubutu ta rubuta. Wadda ba ta iya ba ta faɗa, Auta ta rubuta, kuma wannan karon ba ta gyara wa kowa magana ba.

"Rubuta: kwana tara da haihuwa na koma aiki, a tsaye nake guga."

"Rubuta: ni na wuce haihuwa, don 'yata na zo."

Wata mai wanki, dattijuwa, ta dafa tebur. "Ke ce 'yar bokon da ta ce mu haɗa?"

"Ni ce, Inna."

"To Allah ya ƙara ilimi, amma a riƙa tambayar manya."

Aka kwashe da dariya, har da Auta, hawaye na bin kumatunta.

Ƙarfe biyu, takarda ashirin da shida. Biyu da rabi, talatin da huɗu. Daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa, hutun rana ya ƙare. Wa ya tsara a rufe karɓar koken masu aiki ƙarfe huɗu, alhali ƙarfe biyar suke tashi? Ku ma ku tambaya. Ƙarfe uku ya buga suna da talatin da takwas, titin kuwa wayam.

Auta ta kira Yaya sau biyar. Wayar a kashe.

Uku da kwata sai ga ta tafe. Auta ba ta gane ta ba da farko, don tafiyar ta sauya. Zanen da suka ɗaure da safe yana rataye a kafaɗarta, cikin ya fito ɗas, ya ture rigar aiki gaba, tana tafe tana dafe da ƙugu kamar kowace mai ciki a duniya.

"Yaya! Kin kwance?"

"Ya gaji, ni ma na gaji. Ba ni takarda."

Talatin da tara.

Yaya ba ta ajiye biro ba babur ya tsaya a bakin ƙofa. Wata doguwar mace ta sauko, rajistar ma'aikata a hammata, farar takarda a ninke a hannunta. Matan da suka rage suka ja da baya.

Madam ce, mai kula da masu shara.

"Wa ya ba ki izinin barin aiki?"

Yaya ta miƙe a hankali. "Ba kowa, Madam."

"Kika shiga ɗakin tsintsiya, kika faɗa wa duniya kina da ciki. Ni da nake bango ɗaya da ke, a rediyo zan ji?"

"Tsoro na ji."

"Tun yana wata huɗu na sani. Kina tsammani me ya sa na ɗauke ki daga hawa bene na dawo da ke ƙasa? Don kin fi kowa kyau?"

Idon Yaya na kan farar takardar.

Madam ta miƙa ta, amma ba ga Yaya ba. Ga Auta ta miƙa ta.

"Karanta, 'yar boko."

Auta ta warware. Layi uku ne. *Ni ma wata uku-uku ake sabunta mini. Shekara ashirin da suka wuce na ɗaure nawa har wata takwas. Ba a ji kukansa ba.*

Dattijuwar mai wanki ta share ido da gefen mayafi.

"Matuƙar rajistar nan na hannuna, sunanki na ciki," Madam ta ce wa Yaya. "Amma rajistar ba ta ubana ba ce, gobe suna iya karɓewa. Shi ya sa na rubuta. Zauna, kafin ki haihu mana a titi. Nawa kuka tara?"

Auta ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa.

"Arba'in."

"Cewa ya yi su haura arba'in."

Uku da rabi ta gota. Ofishin kwamiti tafiyar minti ashirin ne, in hanya ta yi kyau. Auta ta leƙa titi dama da hagu. Ba kowa. Anti, da ta fito tun ɗazu tana taya ninke takardu, ta kaɗa kai. "Ni ma'aikaciyar dindindin ce, tawa ba za ta shiga ba."

Sai Yaya ta ce a hankali, "Auta. Ke fa?"

Auta ta tsaya cak. Tun rana take rubuta wa mutane, ba ta tuna ita ma tana cikinsu ba.

Ta jawo takarda ta ƙarshe. Biron ya ƙi yi. Ta kaɗa shi, ta goga a tafin hannu, ya ƙare.

"In kika sa hannu," muryar Furodusa ce daga bayanta, "sunanki da na gidan nan za su shiga fayil ɗaya da takardar Manaja. Ba zan iya kare ki ba."

"Na sani, Oga. Ara mini biro."

Ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ya zaro shi daga aljihun gaba.

"Ki dawo mini da shi. Matata ce ta saya."

Ta rubuta layi biyu, ta sa hannu. Arba'in da ɗaya. Anti ta rarraba ambulan, kowa ta kama, kowace takarda da nata, ana liƙewa ana jefawa a jaka.

Ƙarfe huɗu saura ashirin da biyu, baƙar mota ta karyo kwana. Maigadi ya ruga ya buɗe babbar ƙofa, yana ƙamewa.

Madam ba ta jira ba. Ta fizgi jakar, ta haye babur. "Ni na san gajeriyar hanya." Ƙura kawai suka gani.

Gilashin motar ya sauka. Manaja ya dubi teburin maigadi a ƙarƙashin bishiya, ya dubi mata, ya dubi cikin Yaya, sannan ya dubi Furodusa.

"Wa ya saka kiran nan a shirin safe?"

Furodusa ya buɗe baki. Auta ta riga shi, ta tako gaban motar, biron na hannunta har yanzu.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

*

Kada kowa ya rubuto mini "a ƙaro." Gobe da safe, kafin ka ɗage wa mai shara ƙafa, ka ɗago kai ka tambaye ta sunanta. Ka tambaye ta: in ta haihu, aikinta zai jira ta? Abin da ta faɗa maka, ka rubuta shi a takarda, ka sa hannunka, ka kai ofishin wakilin da ka zaɓa. Ke ma ki rubuta taki, kada ki jira a haɗa. Ambulan suke ƙirgawa. Tashi ka nemo biro.